Mutumin da Ya Ɗage Sandar Ƙofar Yayarsa

Kafin motar ruwa ta fara zagaye, Absalom Linklater ya riga ya sha shayinsa, ya ɗaure bokiti da buroshi da ɗan injin zuƙo ruwa a bayan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, ya nufi gidan da layi ya zo kansa. In ya isa, sai ya ɗaga murfin da ke daɓen ɗakin girki, ya zuƙe ruwan tankin tas, ya zura jikinsa ta wannan 'yar kafa da ko yaro sai ya matse. A tsugune yake kankare laka da gansakuka, ya wanke da kulorin, ya ɗauraye, ya fito idanu jawur yana tari. Haka yake tun gashin kansa yana baƙi har ya yi fari fat. Yanzu likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar wannan wari ba, shi ya sa ya ajiye buroshi.

A garinmu na bakin tafki, nan arewacin Manitoba, famfo bai wuce makaranta da asibiti da 'yan gidajen malamai ba. Sauran jama'a kowa da tankinsa a ƙarƙashin gida, mota tana cika shi ta bututu daga waje. Ruwan yana barin gidan tacewa garau, amma in ya kwana a tankin da ya shekara ba wanki, wane ne zai rantse a kansa? Absalom kaɗai ke shiga ya gani da idonsa.

To, me garin nan ya saka masa da shi? Suna. Ɓeran Tanki, haka yara suke kiransa, kuma ba a bakin yara aka fara ba. In ya shiga kanti sai wani ya toshe hanci ya ce a buɗe taga, an zo da wanki. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce wa mutumin ya bari, ai shi ya ga abin da ke cikin tankin da yake sha, kuma ba zai faɗa a gaban matarsa ba.

Tsokana mai sauƙi ce. Abin da ya fi ciwo shi ne sanda. Kowa ya san a nan ba a kulle gida. In za ka fita, sai ka tokare ƙofa da sanda daga waje, kuma duk wanda ya ga sanda ya san ba kowa, ya juya. Ba a taɓa sandar wani, ko ɗan cikinka ne. Da mutane suka ga wankin tanki yana nufin zubar da ruwansu, sannan su jira motar da kullum tana wajen gyara, ga warin kulorin a shayi na kwana da kwanaki, sai suka ɓullo da dabara. Da sun ji ƙarar babur ɗinsa, sai a aiki wani ya tokare ƙofa ya zagaya ta baya, a yi tsit a ciki. Haba jama'a! Hayaƙi yana tashi a kan rufi, rediyo yana kiran lambobin wasan caca, wai ba kowa. Absalom yana gani, yana ji. Sai ya tsaya jim, ya gaishe da sandar da ƙarfi yadda na ciki za su ji, ya ce in masu gida sun dawo a ce musu ya zo, ya tafi abinsa.

Sau ɗaya tak ya ɗage sanda, kuma ta gidan yayarsa ce, Jemima.

A shekarar ne mijin Jemima ya cika shekara da rasuwa, ana shirin walimar tunawa da shi. Dangin mijin sun iso a jirgi, an tanadi naman dinya da bandar kifi, kuma da ƙyar da roƙo aka samu mota ta cika tankinta, kafin ta sake lalacewa. Ana cikin haka Loretta, 'yar Jemima, ta tare Absalom a bayan kanti, jaririyarta Tanis a goye. Jaririyar ta rame, gudawa ta ƙi tsayawa, ƙuraje sun feso mata har a wuya. Ma'aikaciyar asibiti ta tambaya yaushe rabon da a duba tankin gidan, ta kuma ce in aka ci gaba haka sai dai a ɗauke ta a jirgi zuwa birni, in ma ta kai.

"Kawu, Inna ta ce sai bayan walima," in ji Loretta. "Ni ba zan iya ja da ita ba. Amma dubi amaryarka."

Ya duba. Da ma haka yake tsokanar jaririyar, amaryarsa. Ranar bai yi tsokana ba.

Jajiberin walima da hantsi ya isa, ya tarar da sanda. Dokas Spence, maƙwabciyar da ke cikin masu tuya a ranar, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo. Ta ce suna jin babur Jemima ta sa yatsa a baki, mata cike da ɗaki suka yi shiru, mai yana ta ƙara a kasko. Sai suka ji an jingine sandar a gefe. Ƙofa ta buɗe. Dokas ta ce wallahi ji ta yi kamar an shigo mata tana wanka.

Bai kalli kowa ba. Ya janye tebur, ya ɗaga murfi, ya haska tocila. Bangon tankin ya tsage, kuma tun da ƙanƙara ta fara narkewa ruwan da ya malalo daga ramin bayan gida yake tsattsafowa ciki. Ya fita ya jawo injinsa.

"Absalom," in ji Jemima, muryarta ƙasa-ƙasa, "ka ga sanda ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"Gobe ake taron mijina. Ka bar min ruwan nan kwana ɗaya."

"Ko cokali ɗaya ba za a ƙara ba yarinyar nan ba."

Ya kunna inji. A gaban surukanta ruwan walima ya malale a bayan gida. Yinin ranar da washegari ya yi ta jigilar jarkoki daga gidan tacewa, amma ina jarka za ta ishi taro? Shayi ya yanke tun ba a gama addu'a ba, aka tara kwanuka ba wanki, baƙi suka yi ta kallon juna. Da aka watse Jemima ta faɗa a gaban jama'a cewa daga yau ba ta da ƙane. Garin ma ya bi bayanta, ana cewa mutumin da ya ɗage sanda ba abin da ba zai yi ba.

Tanis ta warke cikin 'yan makonni, ba jirgi ba birni. Yau ta kusa gama sakandare, ta fi uwarta tsawo. Jemima kuwa har yanzu in sun haɗu a coci, taga take kallo.

Absalom, kai ne ka shiga inda kowa ke ƙyama domin mu sha abin da ba zai kwantar da mu ba. Kai ne ka sha warin da ya cinye maka ƙirji, mu kuwa ɗan abin da ya rage a shayi muke ƙorafi a kai. Yara nawa ne suke gudu a filin makaranta yau saboda kai, iyayensu ma ba su sani ba? Abin yana ci mini rai, kuma ina faɗa: garin nan bai kyauta maka ba.

Da na je gaishe shi, na same shi a bakin tafki yana gyaran raga, yana maida numfashi tsakanin kalma da kalma. Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce ruwan dai ko yau zai sake zubarwa. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne. Na shiga ban ko gaishe ta ba. Ita ta goya ni, ka sani. Da na ce 'Yaya, yi haƙuri' kafin in taɓa murfin, da ƙila ta ji."

Mun gode, Absalom, godiyar da ta makara. Allah Ya sassauta maka numfashi. Ku kuma samarin garin nan, aikin yana nan ba mai yi, tankuna suna ta tara laka, kuma akwai jarirai a saman kowannensu. Wani ya je ya koya tun malamin yana iya nunawa.

Ke kuma Inna Jemima, da girmanki nake magana. An ɓata miki rai, ba wanda ya musa. Amma jikar da ke tsefe miki kai duk Asabar, Absalom ne ya ceto miki ita. Kin haura tamanin, shi kuma hawa 'yar matakalar gidansa sai ya huta a tsakiya. Ku biyu kuka rage a ɗakinku, kuma ba lallai ne ku duka ku ga narkewar ƙanƙara mai zuwa ba.