Sakatar Bindigar Yaya Idirisa

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne Yaya Idirisa, ɗan wan mahaifina, a unguwar Kalakla. A yankin Jazira ya tashi yana tsinkar auduga. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya dawo bakin kogin Farin Nilu ya kama kiwon tumaki. Da 'yan ragunan nan yake ciyar da gida, kuma su ne dila yake bi. Shi ya sa ya nemi lasisi ya ajiye wata tsohuwar bindiga.

Irin mai sakata ce. Bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanson harsashi ya fita, ka tura gaba, ka kwantar. Ni kuwa aikin tafinta ya kai ni ƙasashe, har na ga manoma a tsaunukan Turai suna maganin dabbobin ɓarna da wata irin bindiga daban: ka ja baya, ka tura, shi ke nan. Kuncinka na manne da gindin bindiga, idonka bai bar saiti ba. Na gwada ta da hannuna, kuma har gobe ina cewa ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Duk dawowata sai mun yi gardamar nan, gahawa tana huci a tsakaninmu. Yakan ɗauki sanda yana kwaikwayon yadda na kwatanta, yana kirana Bature. Nakan tuna masa ragunan da ya rasa saboda dila ba ya jiran harbi na biyu. Sakatarsa ta tsufa ta yi tauri, dole sai ya sauke bindigar ya ɗaga kai kafin ya iya jan ta, har abin ya zame masa jiki.

Wata safiya bayan damina ina tare da shi, ciyawa ta kai ƙugu. Dila ya sure ɗan rago ya faɗa cikinta. Yaya ya harba, ya kuskure. Can hagu ciyawar tana motsi, kuma duk mai saurin hannu nan zai aika na biyu. Ya sauke, ya ɗaga kai kamar kullum, sai na ga ya tsaya cak. Hajja Kaltume, maƙwabciyarsa, ta miƙe daga wurin da lauje a hannu. Ciyawar awaki take yanka, ga ta ba ta ji sosai. Ta gaishe mu, ta tambaya ko mun sha shayi.

Ragon ya tafi. Sai da muka kusa gida ya yi magana.

"Ya zol, mutumina, taka ta fi sauri, na yarda. Amma wa zai ɗaga maka kai?"

Yau wurin da muka tsaya shagon wayoyi ne. 'Yarsa Asabe ta matsa kudu da garken. Bara dila ya dame su har tana tunanin sayar da tumakin, sai mijinta Bashir, makanike a unguwar Alshajara, ya zo neman shawarata a kan bindigar da zai saya. Na gaya masa gaskiyar abin da na sani a kan nau'o'in biyu. Ya zaɓi mai saurin, ni kuma na dawo gida zuciyata ba daɗi, ina tunanin abin da Yaya zai ce.

Da na kai musu ziyara na tarar Bashir yana gwaji a kan gwangwani. Ya harba, ya sauke bindigar, ya ɗaga kai ya dubi dama da hagu, sannan ya ja. Na ce masa ai wannan ba ta bukatar haka. Ya yi dariya, ya ce sharaɗin Asabe ne, in ba haka ba bindiga ba za ta kwana a gidanta ba.

"Baffa, haka na tashi na ga Baba yana yi," in ji ta.

Ashe ba ta taɓa jin labarin Hajja Kaltume ba, don Yaya bai gaya wa kowa ba. Ranar na ba ta shi.

Ina jin da yana nan zai juya sabuwar bindigar a hannu, ya kushe ta, sannan ya nemi a ba shi ya gwada. Tasa ta yi tsatsa, gardamarmu kuma ba wanda ya ci. Amma garken yana nan, 'yan ragunan bana sun girma, kuma a gidan 'yarsa har yanzu ana ɗaga kai kafin harbi na biyu. Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.