Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

Duk abin da zan manta a zamana na Badaguishiri, ba zan taɓa manta ranar da na tambayi wata dattijuwa sunan ɗanta ba. Lokacin ina yarinya ɗanya shakaf, an turo ni daga Konni in koya wa matan aure karatu da rubutu. Muna haɗuwa a wata rumfa bayan lakwal, wato makarantar boko, da la'asar, idan sun dawo daga ban ruwan albasa. Ga ni da rawar kai, ga baki kamar rediyo, gani nake duk abin da na karanto a takarda ya ishe ni zaman duniya.

Shekarar an yi rashe-rashe a garin. Wannan ta rasa miji, waccan jariri, har ajin ya daina dariya. Sai na kawo shawara mu samo farin yadi babba, kowace ta rubuta sunan mamacinta da hannunta, ta bi shi da zare mai launi, mu rataye a rumfa, duk wadda ta ɗaga ido ta yi musu addu'a. Suka yi na'am.

A cikinsu akwai wata da kowa ke kira Inna. Ɗanta na fari, direban motar albasa, ya rasu a hatsari a hanyar Malbaza wata uku kafin nan. An ce ko ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka ba, ita ce ma ke shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma. Amma kullum ƙara ramewa take, fura ma da ƙyar take shan ludayi biyu.

Ranar da za mu fara, na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi suna, in rubuta mata a allo ta kwafa. Da na zo kan Inna na ce, "Inna, mi as suna nai?" Ta yi shiru. Ni uwar iyayi sai na zaci ba ta ji ba, na ƙara ɗaga murya. Har da ta uku: "Haba Inna, in ba ki hwaɗi ba, ƙaƙa za mu rubuta?"

Masu kwafa suka tsaya cak. Inna ta miƙe a hankali, ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita, ko sa su ba ta tsaya yi ba. Shugabar matan ta dube ni ta ce, "Malama, ɗan hwari na. Tun da ta haihe shi ba ta taɓa kiran suna nai ba, sai yau da shi ke cikin ƙasa za ki sa ta gaban mutane?" Na ji kamar in nutse. Abin haushin, na san al'adar sarai, don mahaifiyata ma ba ta kiran sunan yayanmu. Kawai ni ce na yanke wa kaina cewa mutuwa ta ɗauke kunyar.

Washegari mata huɗu suka zo. Na je gidan Inna na same ta tana ɓarar wake, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Tashi ɗiyata, ba ki yi komi ba." Wallahi da zagina ta yi da na fi jin sauƙi. Shugabar kuwa ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, in Inna ba ta dawo ba, a naɗe yadin, aji ya tashi. Ni ba ajin ne ma ya fi damuna ba. Tsorona kada na ƙarasa matar da dama baƙin ciki ke ci.

Kwana takwas ina zuwa rumfa, babu Inna. Rana ta tara sai ga Inna, mata na biye da ita. Ba wadda ta gaishe ni. Ta zauna gabana, ta kwance bakin zaninta, ta fito da katin shaidar marigayin, duk ya lanƙwashe. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin wani layi ta ce, "Nan shi ke?" Bakina ya buɗe zai karanta, na kama shi da ƙyar. Na matsar da yatsan nata layi ɗaya sama, na gyaɗa kai.

Ta karɓi alli tana kwafa, ta goge, ta sake. Na miƙa hannu zan taimaka, shugabar ta harare ni, na janye. Kwana huɗu Inna ta yi tana ɗinka sunan da koren zare, haruffan a karkace, wani ya fi wani girma. Da ta kai ƙarshe ta yanke zaren da haƙori, ta shafa sunan daga farko har ƙarshe, sai ta kifa fuskarta a kan yadin ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa ji ba. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri. Matan suka miƙe suka zagaye ta, suka buɗe mayafansu don kada masu wucewa su gani. Ni ma na shiga layi da nawa, ina hawaye.

Da ta natsa ta share fuska ta ce, "Akwai sauran hura?" Aka miƙo mata kwano, ta shanye tas.

Tun daga ranar na koyi cewa wanda ya yi shiru a kan rashinsa ba ya rasa abin faɗi ba ne, kuma ba aikina ba ne in buɗe masa baki, nawa in miƙa masa alli in jira. Inna ta rasu ba ta kira sunan nan ba. Ni da na karanta shi a kati, har yau ban faɗa wa kowa ba.