Hannun Amarya a Cikin Hular Baba

Shekarar farin nan aka kawo ni gidan mijina, a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Arzikin gidan duka citta ne, kuma irin da za a shuka yana binne a rami gindin mangwaro, an rufe shi da ciyawa. In wannan iri ya lalace, gidan ya zauna ke nan.

Ruwan farko ya sauka da wuri, gardama ta tashi. Mijina ya ce a jira na biyu, ƙasa ba ta sha ba. Wansa ya ce wanda ya riga shuka shi ke riga kai kaya tasha. Surukina dattijon coci ne, mutumin da ko karta ya gani a hannun yaro sai ya yayyaga ta. Ya saurare su, ya ce Ubangiji zai raba gardamar, za a jefa ƙuri'a kamar yadda manzanni suka yi.

Ya cire hularsa, ya sa tsakuwa biyu a ciki. Fara a shuka, baƙa a jira. Ya yi addu'a doguwa, har ƙafata ta yi sanyi. Da aka ce amin sai ya miƙo mini hular, ya yi magana da Hausarsu ta nan da ba ta raba mace da namiji.

"Amarya, sa hannu. Hannunka sabo ne, yana da albarka."

"Baba, wannan ba caca ba ne?" in ji mijina, murya ƙasa-ƙasa.

"Caca ana yi masa addu'a? Rufe baki."

Na kalli hular. Ni da ban gama sanin inda ake ajiye gishiri a gidan ba, ni za a ɗora wa abincin shekara? Na laluba, tsakuwoyin nan babu bambanci a yatsa. Na zaro fara.

Aka tone ramin, aka shuka iri kaf, muka ɗebo ganye muka lulluɓe gonar. Daga nan sama ta wanke tas. Kullum da yamma nakan fake da ɗiban ruwa in tsaya kallon gabas. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. A gida kuwa hira takan mutu da zarar na shigo.

Wata Asabar tsohon ya kai mu gona, ya ɗaga ganye, ya tona da yatsa. Cittar da ya ciro ta yamutse, ya matsa ta fashe, cikinta ya zama gari. Ya tona wani wurin, haka. Na jira ya ce wani abu, ko da a kan ruwan ne. Hannuna kawai ya kalla.

Har yau abin yana ci mini rai. Ba wanda ya zage ni, ai da zagin ya fi sauƙi. Da yamma na ɗauki ƙwarya zan shiga rumbu ɗebo acca, sai surukata ta tare ƙofar, ta karɓi ƙwaryar a hankali.

"Bari, 'yata," ta ce. "Daga yau ni zan riƙa ɗebo maka."