Alwalar Labbo Mai Baƙin Mai

A Bungudu an san Labbo da abu ɗaya: gidansa na bakin gulbi, amma taimama yake yi. Mutane sun ce taɓin hankali ne. Ba su san komai ba.

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, Labbo ya bi fatake har Lakwaja, ya sami aiki a jirgin ruwan Kwara, can ƙasa wurin inji. Aikinsa kwashe baƙin man da ke tsiyaya, ya tara a duro, sai an tsaya a gaɓa a binne shi cikin rairayi. Shugaban aikin ya ja masa kunne cewa ko ɗigo kada ya taɓa kogi. Labbo ya yi dariya a ransa. Shi da ya yi karatun tsarki a Tsafe, aka koya masa ruwa mai yawa ba ya ɗaukar najasa? Rabin karatun ya riƙe. Ya manta da sharaɗin, wato muddin launi ko wari ko ɗanɗano bai sauya ba.

Wata rana da rana tsaka, ƙyuya ta kama shi, ya tuntsurar da duro guda cikin kogi. Bayan kwana uku suka biyo ta nan a komowa. Kifi ya yi fari fat a gaɓa, ga shanun Fulani a kwance, ciki a kumbure. Wani tsoho na tsugune yana alwala a cikin ruwan, man na bin gemunsa. Ya ɗago ya kalli jirgin, kuma Labbo ya rantse shi ya kalla.

Daga ranar, duk ruwan da ya zuba a hannu sai ya ga sheƙin man nan mai launi-launi a kai. Ya bar aikin ya koma gida, abin bai bar shi ba. Ya sake buta, ya sake rijiya, ya tari ruwan sama a ƙwarya sabuwa fil. Matarsa Maijidda takan leƙa ta ce ruwa ne garau, har ta riƙa yi masa tsiya wai ya tafi neman arziki ya dawo da tsoron buta. Shi kuwa tsoronsa ɗaya: ya gamu da Ubangijinsa babu tsarki.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya roƙe ta ita ta yi masa wanka, kada wani ya gani.

Da ya cika, ta yi. Zubin farko, ruwan ya gangaro daga jikinsa yana sheƙi, wari ya cika ɗakin. Ta sake, ta sake, har sau bakwai, tana kuka, ruwan bai sauya ba.

Liman ya yi gyaran murya daga waje. "Maijidda, an gama?"

Ta dubi ƙasa, ta ja rairayi da ƙafa ta rufe wurin.

"An gama, Malam. Ya tsarkaka."