Zanen Zumunta da Sunan Ƙawata

Shekarar da citta ta ruɓe a gonar maigidana, banki ya karɓe gidanmu na Kafanchan, muka koma haya. A littattafan soyayyar da na girma da su, idan masoya suka talauce, duk gari tausaya musu yake yi. Ni dai gari ya daina yarda da bakina.

A zumuntar mata ta cocinmu, idan za a yi sabon anko, kowacce takan ɗauki zane wurin wata dattijuwa mai shago, ta biya ƙarshen wata. Na je tare da ƙawata, malamar firamare. Dattijuwar ta miƙa mata nata, har tana tsokanarta wai ta yi ƙiba.

Da na miƙa hannu, sai ta dafe zanen. "Ƴata, kada ki ji haushi. Wanda banki bai iya da shi ba, ni mai ɗan shago zan iya?"

Ƙawata ta ce, "Mama, ki ba ta da sunana."

Nan take aka ba ni.

Ran Lahadi muka jera muna waƙa, zane iri ɗaya, ni kuwa ina ta satar kallonta. Na gode mata, amma kishi ya hana ni jin daɗin waƙar. Ita magana kawai take yi a yarda.

Na biya tun wata bai ƙare ba. Duk da haka, da aka sake fitar da anko, a ƙofar coci na tsaya jiranta, don mu tafi shagon tare.