Kwat ɗin Kaka a Juye

Lokacin da nake garin Hyattsville, can ƙasar waje, aikina kai wata tsohuwar Baturiya asibiti in dawo da ita. Kafin nan na yi wankin mota, na yi dako a kanti, ba inda na daɗe. Ko lakwal a Maraɗi haka na gudu na bar aji. Masallaci ma na daina tsayawa gaisawa, don kowa sai ya ce, "Ya maganar takardu?" Shekaru ina jiran kotu ta ba ni izinin zama. In na fita ƙasar ba dawowa, ga Inna kullum tana tambayar yaushe zan zo ta gan ni.

Tsohuwar nan kaɗai nake hira da ita. Kaka nake ce mata.

Wata safiya ta fito da kwat a juye.

"Kaka, tsufan har ya kai nan? Rigarki baibai take."

"Ja mota, sarkin sani. Gadon babana ne."

Ta ce babanta ta jirgin ruwa ya zo yana saurayi, shi da ƙanwarsa. A tsibirin da ake tantance baƙi, likitoci na duba mutane a layi, wanda ba su yarda da lafiyarsa ba sai su yi masa alama da alli a riga. Su biyun duk an yi musu. Wani ya raɗa masa ya juya kwat ɗinsa alamar ta ɓuya, ya juya, ya wuce. Ita ƙanwar aka mayar da ita saboda ciwon ido. Kafin ya samu hanyar dawo da ita, aka yi dokar rage shigowar mutanen ƙasarsu, ƙofa ta rufe. Bai sake ganinta ba. Duk shekara in ranar ta zagayo sai ya juya riga.

Na ce mata mu wajen roƙon ruwa muke juya riga.

"Yana zuwa?"

"Wani lokaci."

Ranar kotuna na juya jaket ɗina cikin mota, na yi addu'a, sannan na mayar da shi daidai, kar alƙali ya ɗauka na zare. Aka sake ɗagawa sai baɗi.

Washegari Kaka na shigowa mota ta ce, "An yi ruwan?"

"Ko hadari babu."

Na kai ta asibiti. Ina zaune ina jiranta sai ga kiran Inna. Na zuba wa wayar ido har ta katse. Sannan na kira ta, na ce mata an kusa.