Takalman Ƙofar Ɗaki na Sha Biyu

Cikin duk ranakun da na yi a teburin nan, wata Talata ta watan Rajab ce ta ƙi fita daga raina. Tunda kun dame ni da tambayar abin da takalman mata suke yi a aljihun teburin ofis, to ku gyara zama ku ji, amma kada wani ya kai wa sabon manaja.

Ga wanda bai san aikinmu ba: masauki ne a cikin barikin soja da ke bayan garin Jidda. Wani kamfani ne yake gudanar da shi, kuma shi ne kafilina, wato a hannunsa iƙamata take, takardar da ta ba ni izinin zama a ƙasar. Sojan da aiki ko jinya ko Umara ta kawo shi Jidda yakan kama ɗaki a wurinmu shi da iyalinsa, a kuɗin da bai fi na farantin shinkafa da kaza ba. Saboda arhar nan kullum a cike muke. Dokoki biyu ne suke riƙe da gidan. Ta farko, wanda ya kama ɗaki ta waya ko ta kwamfuta ana ajiye masa zuwa ƙarfe huɗu na yamma. In huɗu ta buga bai iso ba, ɗaki ya zama na wanda ya fi girman muƙami cikin masu jira. Ta biyu, ɗakin da iyali suka riga suka shiga, ko janar ne ba ya fitar da su.

Ɗaki na sha biyu a ranar wani kurtu ne ya kama shi, sunansa Adil. Kurtu kuwa shi ne ƙarshen ƙasa a soja, kowa yana iya aikensa. Jikan mutanenmu ne da suka zo Hajji tun zamanin jirgin ruwa suka zauna, yana aiki can kudu kusa da iyaka. Mako shida kafin ranar ya kama ɗakin, don shi ne kaɗai ɗakin da ya rage a hawan ƙasa, mahaifiyarsa ba ta iya hawa bene, kuma washegari da sassafe za a yi mata aikin ido a asibitin barikin.

Uku da rabi sai ga wayarsa, da Hausarsa mai ɗingishi. "Baba Sani, mota ta yi zafi, wallah ta tsaya, halas. Muna hanya, sa'a biyu. Uwa nawa bukra aikin ido. Kar ka ba ɗaki, Allah yikhallik."

Ban ajiye wayar ba wani Kanar ya shigo da matarsa, direba yana biye da akwatuna. Taro ya kawo shi. Ya tambayi ɗaki, na ce a cike muke. Ya ce da Larabci, "Akwai wanda bai iso ba?" Mutumin ya fi ni sanin dokar. Na ce zan duba. Ya zauna a kujerar da ke fuskantar agogo, ya harɗe ƙafa.

Ni dai ba jarumi ba ne, kun san ni, ko kyanwar kicin ta yi mini tsawa sai na ba ta hanya. Amma na tuna tsohuwa mai ido ɗaya a cikin mota a bakin titi, na tuna kuɗin otal a cikin gari lokacin Umara, wanda albashin kurtu ba ya ko gaishe shi. Huɗu saura minti goma hannuna ya danna "sun shiga" a kwamfuta. Ƙarya a rajista laifin kora ne, korar kamfani kuma tana tafiya da iƙama. Na san haka sarai, shi ya sa gumi ya jiƙa mini riga alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe sun shiga tun ɗazu."

Ya ce, "Tayyib. Mu je in gani."

Na ce ya ba ni minti biyar in sanar da su. Na zaga da gudu ɗakin wanki, inda Inna Delu take ninke zannuwa. Waɗanda ba su riske ta ba, ita ce mai sharar sashen iyali a lokacin, 'yar Zinder, ta yi shekara talatin a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuma ba a haifi wanda take tsoro ba. Dabarata ƙarama ce. A ƙasar nan, namiji in ya ga takalmin mace a ƙofar ɗaki, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya leƙawa, ko kallon ƙofar ba ya yi sosai. Wannan ba ta cikin littafin doka, amma ta fi duk na littafin ƙarfi.

Na ce, "Inna, takalmanki kawai nake so aro."

Ta ce, "Ni kuma in taka me, Sani? Tayil ɗin nan mai sanyi, da ciwon ƙafata? Inda takalmina ya je, nan nake zuwa."

Haka ta shige ɗaki na sha biyu ta ja ƙofa, takalman roba kore suna waje a jere. Kanar ya zo, ya hango su daga nesa, ya tsaya cak, ya juya fuskarsa ga bango. Na ce a raina, shi ke nan, mun tsira. Abin da na manta shi ne takalmi namiji yake tsarewa. Matar Kanar, wadda yake kira Ummu Fahad, ta ji an ce tsohuwa ce mai jinya, sai tausayi ya kama ta. Ta karɓi kwalin dabino da butar gahawa daga hannun direba, ta yi sallama, ta shige.

Ni da Kanar muka tsaya a baranda, kowa yana kallon bangonsa, muna jin komai.

Wallahi Inna ta yi aiki. Shekara tara tana gyara gadon nan ba ta taɓa kwanciya a kai ba, ranar ta rama. Muna jin nishinta har waje. Aka tambaye ta wane ido ne, ta ce duka biyun, da gwiwa, da baya, da wani abu da yake yawo a cikinta tun bara. Ta ci dabino, ta nemi ƙari. Can sai ta ɗaga murya da Hausa: "Kai mai tebur! A kawo wa baƙuwa shayi, kuma a sa madara da yawa, ba irin na kullum ba!" Na tafi na kawo, na ajiye a bakin ƙofa. Me zan yi?

Da an tsaya nan da lafiya lau. Sai Ummu Fahad ta tashi za ta buɗe mata taga, ta ce da Larabci, "Ya khala," wato gwaggo, "ki yi haƙuri da gidan nan. Dubi ƙura a kan taga. Masu sharar nan ba sa tsoron Allah, albashi kawai suke ci."

Na rufe ido, don na san abin da ke tafe.

Muka ji an yi wurgi da bargo. "Wace ƙura? Nuna mini! Sau biyu na goge tagar nan yau da hannuna, da ruwa da sabulu! Tagar gidanku ta kai wannan?"

Kanar ya juyo a hankali ya dube ni. Sannan ya dubi takalman, ya nuna su da baki. Sai a lokacin na ga abin da ban gani ba: lambar sito ta kamfaninmu da farin fenti, ɓaro-ɓaro a kan kowane ɗaya. Ya ce, "Tun daga can na gan ta. Ina so ne in ga iyakar inda za ku kai."

Na faɗa masa gaskiya duka. Ya koma kujerarsa ta gaban agogo, ni kuma na zauna ina tunanin yadda zan gaya wa matata a gidanmu na unguwar Bagdadiyya ta fara ɗaure kaya.

Shida saura kwata Adil ya shigo, riga duk baƙin mai, yana riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa ƙarama. Ya ga Kanar, ya ƙame ya sara, har ya kusa sakin uwar. Kanar ya tashi, ya gaida tsohuwar, ya ce a kai ta. Muka bi su. A ƙofar sha biyu ta cire silifas ɗinta da suka sha tafiya, ta lalubo bango ta jera su kusa da na Inna, ta shiga.

Kanar ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Ya Sani, me kwamfutarka ta ce?"

Na ce, "Ta ce sun shiga, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To sun shiga. Agogonta ne yake baya. Yalla." Ya kwana a sashen gwauraye, a ɗaki ɗaya da wani saje mai minshari, matarsa ta tafi gidan 'yar'uwarta a cikin gari.

Bayan kwana uku direban ya dawo da kwali, saƙon ban haƙuri daga Ummu Fahad zuwa ga Inna: takalma baƙaƙe masu kyau. Inna ta gwada, suka matse ta. Ta dangwarar mini da su a tebur ta ce, "Ajiye. Gobe in za ka yi ƙarya, ka yi ta da takalmin mutunci."

Su ne waɗannan. Ban taɓa amfani da su ba, kuma ban ce ku yi ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan kwamfuta lamba da muƙami kawai take gani, kai da ke teburin kai ne kake ganin wanda zai kwana a ɗakin. Manya kuma ba duka ne suke son ɗakin fiye da mutuncinsu ba. Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci: kowa kuka saka a gado, ku tabbata ba shi ne ya goge tagar ba.